Ziyarar da Ba Ta Ƙare Ba: 'Yan Matan Ƙarfe na Pittsburgh a Ɗakin Binciken Carnegie Mellon

Duk wanda ya taɓa raka ɗalibai ziyarar jami'a ya san yadda ranar take tafiya. A cika bas tun da sassafe, a isa ana ta kalle-kalle, a tarar da wani ɗalibin digiri na uku da aka ɗora wa aikin tarbar baƙi. Zai kunna na'urar da ya kwana yana lallaɓa ta don kada ta ba shi kunya, ta motsa hannu, ta ɗauki ƙwallo, a tafa. A ce akwai mai tambaya, kowa ya sunkuyar da kai sai yaro ɗaya da ya tambayi kuɗinta. A yi hoto a bakin ƙofa, a koma gida. Ba na raina wannan, gani ya kori ji, kuma akwai yaran da awa guda irin wannan ta juya musu rayuwa. Amma abin da aka nuna musu kwalliyar ranar salla ce, gidan kuwa ba haka yake kwana ba.

A shekarar 2010 aka gwada wata hanya dabam a Pittsburgh da ke jihar Pennsylvania ta Amurka. Maimakon a kawo ɗalibai su leƙa su tafi, sai aka kafa musu ƙungiyar haɗa mutum-mutumi a cikin ɗakin binciken kansa, wato Field Robotics Center na Jami'ar Carnegie Mellon. 'Yan mata ne zalla, 'yan sakandare, kimanin ashirin da ɗoriya a farkon tafiyar, daga makarantu daban-daban na garin da kewayensa. Suka laƙaba wa kansu suna Girls of Steel, 'yan matan ƙarfe, lambarsu a FIRST, gasar haɗa mutum-mutumi ta 'yan makaranta, kuma 3504. Cikin waɗanda suka tsaya aka kafa ƙungiyar akwai George Kantor, malami mai bincike a cibiyar. Masu koya musu aiki kuwa yawanci ma'aikatan jami'ar ne da ɗalibanta.

Garin da gidan

Sunan ba a banza aka zaɓe shi ba. Pittsburgh garin ƙarfe ne, a nan Andrew Carnegie ya tara dukiyarsa, kuma da ita ya kafa makarantar koyon sana'a a 1900 wadda daga baya, a 1967, ta haɗe da Cibiyar Mellon ta zama jami'ar da ake gani yau. Da masana'antun ƙarfe suka durƙushe daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa cikin 1980, dubban mutane suka rasa abin yi. A tsakiyar wannan ƙunci, a 1979, jami'ar ta buɗe cibiyarta ta nazarin mutum-mutumi, Raj Reddy ne shugabanta na farko. Hatta ɗankwalin ja mai ɗige-ɗigen fari da 'yan matan suke ɗaurawa a wajen gasa yana da tushe a garin: sun aro shi ne daga hoton nan na ma'aikaciyar masana'anta mai naɗe hannun riga, wanda aka zana wa kamfanin Westinghouse a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ga ado, ga kuma amfani, domin gashi a sake kusa da injin huda ƙarfe hatsari ne.

Sashen da ya karɓi baƙuncinsu na William Whittaker ne, wanda aka fi sani da Red. Aikinsa shi ne na'urorin da ake turawa inda ɗan Adam ba ya iya shiga ko ba ya son shiga. Na'urorinsa ne suka shiga ƙarƙashin ginin tashar nukiliya ta Three Mile Island a cikin shekarun 1980, bayan hatsarin 1979, suka ɗauko hotuna da samfurin abin da ya gurɓace. Daga wannan gida Boss ta fito, motar da ta tuƙa kanta ta ci gasar cikin gari ta motoci marasa direba da DARPA, hukumar bincike ta ma'aikatar tsaron Amurka, ta shirya a 2007, ta kawo kyautar dala miliyan 2.

Mai ziyarar yini ɗaya waɗannan labarai zai ji. Wanda ya zauna kuwa zai ji sauran.

Gasar da suke shiga

Dean Kamen ne ya kafa FIRST a 1989, aka yi gasar farko a 1992 a ɗakin wasannin wata sakandare a New Hampshire da ƙungiyoyi 28. Tsarin bai canza sosai ba. A farkon Janairu ake bayyana wasan shekarar, kowa a duniya ya ji a rana ɗaya. Daga nan ƙungiya tana da kimanin mako shida ta zana na'ura, ta yanke ƙarfe, ta ja waya, ta rubuta manhaja. Har zuwa kakar 2019 doka ce idan mako shida ya cika a saka na'urar a babbar leda a ɗaure a rufe, ba mai taɓa ta sai a filin gasa.

Kalmar mutum-mutumi tana iya ruɗar mai karatu. Abin ba ya kama da mutum ko kaɗan. Ya fi kama da baro mai taya huɗu ko shida, an ɗora masa hannu da tarin wayoyi, nauyinsa kusan kilo 55, batir mai bolt 12 ne yake ɗauke da shi. Ana karawa uku da uku, wasa ɗaya kimanin minti biyu da rabi. A 2011, shekarar da Girls of Steel suka fara fita, aikin shi ne rataye balan-balan masu siffar da'ira da murabba'i da kusurwa uku a kan turaku, a ƙarshe kuma a saki wata 'yar ƙaramar na'ura ta haye sanda. Sun samu lambar yabon da ake ba sababbin shiga da suka fi fice. A 2012 aka koma jefa ƙwallo a raga da daidaita na'ura a kan gada mai lilo, a 2013 kuma jifa da faifan roba da hawa dala na ƙarfe. Kowace shekara sabon ciwon kai, na'urar bara ba ta da amfani sai dai a kwance ta a ɗebi kayan gyara.

Daƙiƙa goma sha biyar

Inda zama kusa da masu bincike yake nuna kansa shi ne 'yan daƙiƙoƙin farkon wasa, 15 a yawancin shekaru. A wannan ɗan lokaci ba a yarda kowa ya taɓa abin tuƙi ba. Direbobi suna tsaye bayan layi, hannu a sake, na'urar ce za ta yi abin da aka rubuta mata ita kaɗai.

Ga yadda sabon shiga yake fara tunkarar abin, kuma kusan kowa ta nan yake bi. Ana son na'ura ta yi tafiyar mita uku ta tsaya gaban raga. Sai a rubuta mata: kunna tayoyi da rabin ƙarfi na daƙiƙa biyu, sannan ki tsaya. A gwada, ta tsaya daidai, a yi ihu. Washegari a sake gwadawa, ta gaza da taku biyu. A wajen gasa kuma ta wuce ta daki katanga, ko ta karkace hagu kamar jakin da ya hango ciyawa. Nan take sai zargi ya tashi. Masu manhaja su ce masu ƙarfe ne ba su ɗaure taya da kyau ba, masu ƙarfe su ce lissafin ne ba daidai ba, wani ya ce ai jiya ta yi.

Wannan "ai jiya ta yi" ita ce maganar da ba ta da kasuwa a ɗakin bincike. Mai bincike zai tambaya ne: sau nawa kuka gwada? Da wane batir? A kan wane irin daɓe? Kun rubuta? Amsar matsalar tana cikin waɗannan tambayoyi. Batirin da aka cire daga caji yanzu ya fi ƙarfin wanda ya yi wasa biyu, saboda haka "rabin ƙarfi" na safe ba shi ne na yamma ba. Kafet ɗin filin gasa yana riƙe taya fiye da simintin ɗakin aiki. Giyar gefe ɗaya ta ɗan fi ta ɗaya gefen tauri, shi ya sa take karkacewa. Idan kuma aka tayar da injuna da yawa lokaci guda, wutar batir tana iya faɗuwa ƙasa da bolt 7, kwamfutar na'urar ta yanke wa injuna wuta don ta ceci kanta, a ga abu ya sandare a tsakiyar fili ba dalili.

Maganin shi ne a daina ba na'ura umarni ido rufe. A saka mata ma'auni a jikin taya mai ƙirga juyawa, a saka wani mai gane ko ta karkata, sannan manhajar ta riƙa tambaya sau 50 a kowace daƙiƙa: ina nake, ina ake so in kasance, nawa ya rage? Ta ƙara wuta ko ta rage gwargwadon tazarar. Wannan darasi ne da ake koyarwa a ajin injiniya na jami'a da lissafi mai nauyi, amma yarinya 'yar shekara 15 tana iya kama kansa a yamma ɗaya idan na'urarta ce take dukan bango. Abin da ya fi lissafin wuyar shiga jiki shi ne ɗabi'ar da ke biye da shi: a manna tef a ƙasa, a saki na'ura sau goma, a auna da awo kowane karo, a rubuta, a sa wa kowane batir lamba, a canza abu ɗaya tak kafin a sake gwadawa. Aiki ne mai gundura. Ba wanda zai nuna shi ga baƙi. Amma shi ne kashi mafi yawa na abin da ake yi a irin wannan gida, kuma ba a koyonsa da ji, sai dai ka ga babba mai digiri yana durƙushe da tef a hannu yana yin sa karo na talatin.

Masu iya magana suna cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Yawanci gargaɗi ake yi da karin, amma a nan farin kan ake nema. Duk wanda ya san yadda yaron gareji yake zama makanike ya san tsarin: shekara guda yana miƙa sifana yana wanke noti da fetur, ba a zaunar da shi an yi masa lacca ba, amma kunnensa ya koyi bambanta ƙarar inji mai lafiya da marar lafiya.

Gidan da ba ya ɓoye faɗuwarsa

Tarihin wannan sashe cike yake da abubuwan da suka lalace a bainar jama'a. A farkon 1993 an kai wata na'ura mai ƙafa takwas, Dante, bakin dutsen Erebus mai aman wuta a Antatika, bayan doguwar tafiya da kashe kuɗi. Ta sauka 'yan mitoci kaɗan wayar sadarwarta ta tsinke, aikin ya tsaya nan. A 1994 Dante ta biyu ta shiga ramin dutsen Spurr a Alaska, ta yi kwanaki tana aiko da bayanai, a hanyar fitowa ta kife, sai da jirgi mai saukar ungulu ya ɗauko ta. A gasar DARPA ta farko a 2004, motarsu Sandstorm ta wuntsila a wajen gwaji ana saura kwanaki, aka gyara ta cikin gaggawa. Ranar gasa ita ta fi kowace mota nisa, amma nisan bai kai kilomita 12 ba a hanyar da ta haura kilomita 200. Ta maƙale a gefen wata kwana, tayoyi suna ta juyawa a banza.

A ganina wannan shi ne mafi tsadar abin da ƙungiyar ɗalibai za ta samu a irin wannan wuri. Yaro mai ƙoƙari a makaranta ya saba da cewa kuskure abin kunya ne, jan biro ne a takarda. Ranar da na'urarsa ta mutu a gaban 'yan kallo sai ya ɗauka shi ne bai iya ba. Ga 'yan mata abin ya fi nauyi, domin sau da yawa akwai mai jiran su kasa ya ce dama ya faɗa. A ƙungiyoyin da aka gauraya maza da mata, ba tare da kowa ya yi niyya ba, sai ka ga samari sun rigaya kama injin yanka, an bar wa 'yan mata rubutun rahoto da neman tallafi. Idan ƙungiyar mata ce zalla, wannan rabon ba shi da wurin zama. Ko dai wata ta ɗauki injin huda ƙarfen, ko kuwa ramin ba zai hudu ba.

Dawa

Akwai wani ɓangare na aikin Kantor da zai ja hankalin duk wanda ya tashi a ƙasar noma. Shi mai binciken na'urorin gona ne, kuma ɗaya daga cikin sanannun ayyukan ɗakinsa wata na'ura ce mai suna Robotanist da aka ƙera don ta bi tsakanin kunyoyin dawa a gonakin gwaji na jihar South Carolina, tare da masana na Jami'ar Clemson. Tana ɗauke da kyamarori, tana da hannu mai kama kara ya soka masa wani ɗan tsinke ya auna taurinsa. Dalilin shi ne masu fitar da sabon iri suna shuka ɗaruruwan nau'o'i a lokaci ɗaya, kuma dole a bi kowanne a auna tsayi da kauri da ƙarfin kara, don a gane wanda iska ba za ta kwantar ba. Manomin dawa yana yin wannan da babban yatsa, ya matsa kara ya san ko zai tsaya. Masu bincike irin na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, inda irin dawa na SAMSORG suka fito, sun san yawan hannun da wannan awo yake ci.

Na kawo wannan ne saboda bambancin da ke tsakanin fili da gona. Filin gasa shimfiɗaɗɗe ne, an auna shi, fitila ba ta canzawa. Gona kuwa ga laka, ga ƙura a idon kyamara, ga ganye yana rufe hanya, dawa ta yi tsayi har ta tare saƙon tauraron ɗan Adam. Ɗalibar da take ganin na'urar gasa a wannan kusurwa da na'urar gona a waccan tana gane cewa tambayar ɗaya ce, ina nake kuma ina zan je, sai dai a gona ba alƙalin wasa da zai share maka hanya. Wani lokacin ma kayan aikin kansu suna gangarowa daga jami'a zuwa gasa. Alamomin nan baƙi da fari masu kama da tambarin biyan kuɗi, AprilTag, waɗanda aka fara mannawa a filin FIRST a 2023 don na'ura ta gane matsayinta da kyamara, a ɗakin binciken Edwin Olson na Jami'ar Michigan aka ƙirƙiro su fiye da shekara goma kafin nan.

Inda nake da ja

Kada a ɗauka tsarin ba shi da aibu. Na farko, gata ne. Kuɗin rajistar gasar kaɗai dubban daloli ne a shekara, ban da ƙarfe da injuna da kuɗin tafiya. A zamanin ɗaure na'ura a leda, ƙungiyoyi masu hali sukan ƙera biyu, ɗaya a leda ɗaya ta atisaye, marasa hali kuwa su zauna jiran ranar gasa. Ƙungiyar da take da injinan jami'a da ƙwararru a gefenta ba a layi ɗaya ta tashi da ta makarantar ƙauye mai malamin kimiyya ɗaya ba. Girls of Steel sun rage wannan ta hanyar ɗebo mambobi daga makarantu da yawa, da kuma koyar da na ƙasa da su a gasannin yara na LEGO da na matsakaita, amma garuruwa nawa ne suke da Carnegie Mellon a bayan gida?

Na biyu ya fi damuna, kuma tsohuwar muhawara ce a cikin FIRST: hannun wa ya ƙera na'urar? Idan saura kwana uku, hannu ya ƙi ɗagawa, ga injiniya a tsaye wanda zai iya gyara shi cikin minti goma, ba ƙaramin haƙuri ake bukata ba kafin ya sa hannuwansa a aljihu ya bar yarinya ta ɓata yini tana lalube. Yawan ƙwararru yana ƙara wannan jarabawa ne, ba ya rage ta. Akwai kuma kwaɗayin kwaikwayo. Ɗalibi ya ga na'urar bincike mai ido na leza da hannu mai gaɓa bakwai, ya dawo yana son irinta a mako shida, alhali ƙungiyoyin da suke cin wasa sau da yawa masu na'ura mai sauƙi ne wadda take yin abu ɗaya ba ta fashi, direbanta kuma ya samu lokacin atisaye. Mai bincike nagari zai faɗa musu haka, domin shi ma ya sha ganin abin da ya fi ƙarfin lokacinsa ya kunyata shi.

Shi ya sa ko ga ƙungiyar da yini ɗaya kawai za ta samu a jami'a, na fi son su je da tasu na'urar, da matsalar da ta hana su barci, su ajiye ta a ƙasa su ce ga abin da take yi mana. Su roƙi a nuna musu wadda ta lalace maimakon wadda aka goge, su nemi ganin littafin gwaji. Masu bincike sun fi sakin baki a kan abin da ya ƙi yi fiye da abin da ya yi.

A gasar DARPA ta Oktoban 2005, Carnegie Mellon ta shiga da motoci biyu, Sandstorm da H1ghlander, kuma H1ghlander ce ta tashi a sahun gaba a hanyar hamada mai kilomita 212. Ana cikin tafiya injinta ya fara rasa ƙarfi, ta riƙa jan jiki a hawa, motar Jami'ar Stanford mai suna Stanley ta wuce ta. Stanley ta ci, Sandstorm ta zo ta biyu, H1ghlander ta uku da tazarar kusan minti ashirin. Aka duba mai, aka duba inji, aka bi duk abin da ake zargi, ba a gano dalili ba. Ba su jefar da motar ba. A 2017, ana bikin cika shekara goma da nasarar Boss, aka fito da tsofaffin motocin, aka tayar da H1ghlander. Injin yana aiki sai aka danne wani ɗan ƙaramin akwati da ke tsakanin kwamfutar injin da bututun feshin mai, nan take ya fara shiɗewa. Aka saki, ya dawo daidai. Akwatin ya samu rauni ne tun lokacin da motar ta kife a wajen gwaji, makonni kaɗan kafin gasar, shekara 12 kafin a gano shi.